Fiffiken Hagu

Litinin, 3 ga wata, 7:40 na safe

An rufe makaranta sai abin da hali ya yi. Jiragen koyo huɗu suna cikin rumfa an lulluɓe su da tamfol, na biyar yana bayan katanga inda aka tattaro shi aka jibge. Ni dai an ce in zo aiki, na zo. Shekara biyar ke nan ina kula da na'urar koyon tuƙin jirgi ta makarantar nan, wadda kowa ke kira Akwati: ɗan ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe shida, da kujerar matuƙi, da sandar tuƙi, da feda biyu na takawa da ƙafa, da allo a gaba mai nuna sama da ƙasa. Ni na rubuta manhajar da ke gaya wa Akwati yadda iska ke ɗaukar fiffiken jirgi. Duk faɗin ginin nan babu wanda zai iya karanta layi uku a cikinta, amma kowa yana da ra'ayi a kanta.

Dogo yana asibiti tun ranar Asabar. Ɗalibinmu ne, kuma ranar ce ya fara tashi shi kaɗai ba malami a gefensa. Yana juyowa zai sauka, jirgin ya kifa ta hagu. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Litinin, 1:15 na rana

Manaja ya tara mu. Ya sa baƙar kwat, ya ɗaure fuska, sai ka ce shi ne ya faɗo. Mutumin da ko tsani zai hau sai an riƙe masa, shi ne yau yake yi mana lacca kan haɗarin sama. Ya ce kwamitin bincike zai zo ranar Laraba, kowa ya iya bakinsa, wai mu duka 'yan gida ɗaya ne. Duk ranar da ka ji Manaja ya ce 'yan gida ɗaya, to ana neman wanda za a tura waje ne.

Da aka watse ya tare ni a bakin ƙofa.

"Injiniya, Akwatin nan lafiya yake, ko?"

"Lafiya lau yake, ranka ya daɗe."

"Ai na sani. Na dai tambaya ne kawai."

In ba rami, me ya kawo maganar rami?

Talata, 4 ga wata, 6:30 na yamma

Umma ta ce Auta ba za ta ƙara taka makarantar nan ba. Auta ƙanwata ce, ajinsu ɗaya da Dogo, saura ƙiris ita ma ta tashi ita kaɗai. Tun tana ƙarama in jirgi ya wuce sai ta yar da abin da ke hannunta ta fita tsakar gida tana ɗaga kai. Yanzu ga shi ta girma, hankalin bai ƙaru ba.

"Umma, ki kwantar da hankalinki," in ji ta. "Na'urar da nake koyo a kai Yaya ne ya haɗa ta da hannunsa. Ki tambaye shi ma, akwai wanda ya kai ni maki a ajinmu?"

Umma ta juyo gare ni. "Kai, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, babu."

"To shi wannan bawan Allah da ya faɗo fa?"

"Shi ne na biyu," in ji Auta.

Na ce cikina ne ke ciwo, na bar musu abincin.

Laraba, 5 ga wata, 2:00 na rana

Kwamiti ya iso. Mutum uku. Biyu tsofaffin ma'aikata ne da suka zo shan shayi da sanyin ofis, tambayarsu ta farko ita ce ina banɗaki yake. Ta ukun mace ce mai tabarau, ba ta dariya, ba ta shan shayi, kuma ita ce shugaba. Ta ce in yi mata bayanin fiffiken kamar ba ta san komai ba. Na ce wannan ba zai yi mini wuya ba. Ta dube ni ta saman tabarau, na ci gaba.

Na ce, in matuƙi ya ɗaga hancin jirgi, fiffike yana tarar iska a karkace, iskar kuma tana ɗaga shi. Ana ƙara karkata, ana ƙara samun ɗagawa, har a kai kamar digiri goma sha shida. Daga nan sai iska ta saki fiffiken, jirgi ya fara faɗuwa. Kamfanin da ya ƙera jirgin ya ba mu jadawalin alƙaluma daga sifili zuwa goma sha shida. Ta ɗauki jadawalin ta gwada shi da nawa, layi bayan layi, awa biyu cur. Bai saɓa ko da ɗigo ba. Ai dama ba zai saɓa ba.

"Bayan goma sha shida fa?" in ji ta.

"Kamfani bai ba da komai ba, ranki ya daɗe. Lissafina ne."

"Ke nan babu abin da zan gwada shi da shi."

"Babu."

Kafin su tafi suka kulle manhajar. Duk wanda ya canza ko harafi ɗaya, kwamfuta za ta rubuta sunansa da lokacin, saƙo kuma ya tafi wayar Mai Tabarau. Su kulle. Lissafina daidai yake.

Alhamis, 6 ga wata, 8:05 na safe

Ban je asibiti ba. Zuwana ba allura ba ne.

Alhamis, 3:20 na yamma

An sa Kyaftin ya hau Akwati a gaban kwamiti. Kyaftin shi ne babban malamin tuƙi, shekara talatin a sama, kuma sai ya gaya maka hakan ko ba ka tambaya ba. Ya ɗaga hanci, iska ta saki, fiffiken hagu ya sunkuya. Kafin ƙiftawar ido ya tura hanci ƙasa, ya danna fedar dama, jirgi ya miƙe. Ya fito yana gyara hula. "Haka jirgin gaske yake, sak," in ji shi. Tsofaffin biyu suka tafa. Tafi, wai, a wurin binciken haɗari.

Kyaftin bai ja sanda dama ba ko sau ɗaya. Ba ya yi. Ƙafarsa tana riga tunaninsa, tun ina makarantar firamare aka koya mata. Don haka zai iya hawa Akwati shekara ɗari bai ga komai ba. Ga shi yana ba da shaida kan ɗakin da bai taɓa buɗe ƙofarsa ba.

Juma'a, 7 ga wata, 5:00 na yamma

Na je aski. Ashe mai askin ya san abin da ya kayar da jirgin: man jabu ne. Wanda ke jiran layi ya ce a'a, tsuntsu ne ya shiga farfela, ƙanin matarsa ya gani da idonsa. Kowa a garin nan ya zama masanin jirgin sama, har wanda keke ma tura shi yake yi. Can wani mai ƙaton tumbi ya ce, "Yo mutanen da ake koya wa tuƙi a kwamfuta kamar wasan yara, me ake jira?" Shago ya ɗauki dariya.

Na ce wa mai askin ya yi sauri, ina da uzuri.

Asabar, 8 ga wata, 10:00 na safe

Bari in rubuta sau ɗaya in huta, tunda ba laifina ba ne.

A jirgin gaske, in iska ta saki, fiffiken hagu ne ke fara faɗuwa, saboda yadda farfela ke murɗa iska. Abin da zuciya ke ba mutum shi ne ya ja sanda dama don ya ɗago shi. To a wannan hali sanda maƙiyiya ce: kana jan ta dama, hagun yana ƙara nutsewa. Maganin shi ne hanci ƙasa, ƙafa kan fedar dama. Haka na gina Akwati tun farko, kuma haka ya riƙa kifar da ɗalibai kamar kwanon da aka shura. Suna fitowa suna amai, suna faɗuwa jarrabawa, iyaye suna bugo waya.

Shekara uku da suka wuce Kyaftin ya faɗa ofishin Manaja yana kumfar baki, wai Akwatina mugu ne, ya fi jirgin gaske mugunta. Manaja ya kira ni ya ce in ɗan sassauta shi. Ya ƙara da cewa daga yanzu a Akwati kaɗai za a riƙa yin wannan darasi, jirgin gaske yana shan mai. Na yi musu bayani, na zana musu a allo, kamar mai karanta wa bango wasiƙa. Na koma teburina a fusace na ce to, ga irin fiffiken da ya dace da ku. Na ƙara layi ɗaya a manhajar: bayan digiri goma sha shida, sanda ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Na rubuta a gefensa, na wucin gadi. Daga ranar, ɗalibi ya ja sanda dama, fiffike ya ɗago cikin ladabi, kowa ya ci jarrabawa. Manaja har yaba mini ya yi a taro. Kyaftin bai tambayi yadda aka yi ba, shi dai amai ya ragu.

Layi ɗaya ne. Su suka nema.

Lahadi, 9 ga wata, 4:00 na yamma

Su suka nema.

Talata, 11 ga wata, 12:30 na rana

Mahaifin Dogo ya zo kwashe kayansa. Dattijo ne siriri, tela, yana ta ba kowa haƙuri kamar shi ya yi laifi. Manaja ya ɓuya a ofis ya ce a ce yana taro. Jarumin namu ke nan. Dattijon ya tambaya wane ne Injiniya, aka nuna masa ni.

"Ɗana, kai ne mai na'urar? Kullum yana zancenka. Ya ce kanka ya fi kwamfutar ja."

"Yaya jikin nasa, Baba?"

"Da sauƙi. Likita ya ce a jira a ga ƙafafun. Abin da ke damuna, sai ya yi ta cewa, Baba, na yi yadda na saba, wallahi na yi yadda na saba."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini doguwar addu'a. Mutane ba su da aiki sai yi wa wanda ba su sani ba addu'a.

Alhamis, 13 ga wata, 2:00 na rana

Rahoton farko ya fito: kuskuren matuƙi ne. Ɗalibi ya ja sanda dama maimakon ya danna feda. Akwati ya dace da jadawalin kamfani. Malamai sun koyar da abin da ke cikin littafi. Mutum uku, kwana tara, shayi ba iyaka, ga abin da suka haifa. Manaja yana ta yawo a baranda yana gaisawa da kowa, har da mai shara da bai taɓa amsa wa gaisuwa ba. Za a buɗe makaranta ranar Litinin. Mai Tabarau za ta dawo Laraba ta sa hannu a rahoton, kullen manhaja kuwa zai zauna wata shida.

Na tsira ke nan.

An liƙa jerin masu tashi su kaɗai. Ta farko Auta ce: Alhamis, 20 ga wata, tara na safe.

Juma'a, 14 ga wata, 6:50 na yamma

Na sami Auta a kicin, zaune kan kujerar roba tana bitar littafinta. Na ce, "In iska ta saki fiffiken hagu, me za ki yi?"

"Hanci ƙasa, fedar dama. Haba Yaya, wannan ai ko mai gadi ya haddace."

"A Akwati me kike yi?"

"A Akwati sanda ta fi sauri. Amma ai na san na littafi."

Na miƙa mata ludayi na ce ta riƙe kamar sanda, ta rufe ido. Ta yi dariya ta rufe. Na bar ta tana surutu, sannan na kama kujerar ta baya na karkata ta hagu da ƙarfi. Hannunta ya tafi dama. Ƙafarta ko motsi.

"Yaya! Lafiyarka ƙalau kuwa? Ka kusa karya ni!"

Umma ta leƙo ta ce ƙattai da mu muna wasan banza a kicin ɗinta.

Na sake gaya wa Auta, ƙafa, ƙafa, ƙafa. Ta ce ta ji. Kunne ne ya ji. Awa arba'in hannun nan ya yi yana koyon ƙarya, kuma ya koya da kyau, don duk abin da Auta ta sa gaba sai ta ƙware. Tsoro nake ji. Ga shi na rubuta, tsoro nake ji.

Lahadi, 16 ga wata, 11:00 na safe

A kwamfutata ta gida ina da kwafin manhajar, ba kujera, ba ƙafafun ƙarfe, alƙaluma ne zalla. Na sa nauyin Dogo, da gudun jirginsa, da iskar ranar Asabar ɗin, na ja sanda dama yadda ya ja. Da layin nan, jirgi ya miƙe ya sauka lafiya. Da na cire layin, ya kifa, taku ashirin daga inda aka tsince shi. Na sake sau talatin ko lissafin zai ji kunyata ya canza. Taku ashirin. Da wani ne ya yi wannan aiki da na ce gwani ne.

Sannan na cire nauyin Dogo na sa na Auta. Ban danna ba.

Litinin, 17 ga wata, 9:30 na safe

Na shiga wurin Manaja na rufe ƙofa. Na tuna masa da layin. Ya saurare ni yana juya biro.

"Ni na ce ka taɓa wani layi? Ni da ko kunna abin ban iya ba? Akwai takarda?"

"Babu takarda, ranka ya daɗe."

"To ka gani. Injiniya, ka yi tunani. Ka buɗe baki, a rufe mu. Duk awannin da ɗalibai suka yi a Akwati a soke su, har da na ƙanwarka. Kai kuma babu mai ƙara ba ka ko rediyo ka gyara. Ka bari wata shidan nan su wuce, ƙura ta lafa, ka goge abinka a hankali."

"Ranar Alhamis za ta tashi."

"In ita ce damuwar, ai da sauƙi. A ɗaga nata, wani ya shiga gurbinta."

Na ce to. Ni, da bakina, na ce to! Na fito ina raina shi, da ƙaramar zuciyarsa da ƙatuwar kujerarsa, sai da na kai teburina na tuna wanin da zai shiga gurbin ma a Akwati ya koya, kuma shi ma da uwarsa.

Talata, 18 ga wata, 4:10 na yamma

Auta ta ga an cire sunanta. Ta same ni a gaban mutane.

"Kai ka sa, ko? Don ni mace ce? Shekara nawa kana zagin mutanen nan wai sun raina ilimi, ashe kai ne sarkin raini."

Ta wuce wurin Kyaftin, shi kuwa an taɓa masa iko: wa ya isa ya canza jerin da ya rubuta da hannunsa? Kafin awa guda sunan ya koma wurinsa. Karo na farko da Kyaftin ya tsaya wa mai gaskiya, shi ma a inda tsayawar za ta kashe ta.

Laraba, 19 ga wata, 7:15 na safe

Na goge layin. Ƙarfe bakwai da minti goma sha ɗaya, da sunana.

Laraba, 5:40 na yamma

Mai Tabarau ta iso kafin takwas, ita kaɗai, wayarta a hannu. Na ce kafin ta tambaye ni komai ta zauna ta kalla. Na aika a kira Auta. Ta zo tana cin magani, ta shige Akwati ba ta ko gaishe ni ba. Kyaftin ya biyo ta. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje saboda gudu.

Na sa Auta a daidai inda Dogo yake ranar da ya faɗo: juyowar ƙarshe, ƙasa kusa, gudu kaɗan. Iska ta saki. Hagu ya faɗi. Ta ja sanda dama. Akwati ya murɗe, allon ya cika da ciyawa, sannan ya yi baƙi. Daƙiƙa huɗu.

"Sake," ta ce daga ciki.

Na sake, ta kifa. Na sake, ta kifa. A na huɗu ina jin ta tana gaya wa kanta, feda, feda, da ƙarfi, hannun kuma ya tafi dama abinsa. Kyaftin ya cire hularsa ya zauna kan matakala. Ban taɓa ganin bakinsa a rufe na tsawon haka ba.

Auta ta fito rigarta sharkaf da gumi, ta riƙe ƙarfen ƙofa.

"Me ka yi masa?"

"Na mai da shi yadda jirgin yake."

"To na da fa?"

"Ni na yi shi."

"Dogo a kan wanne ya koya?"

Ba ta jira amsa ba. Mai Tabarau ta buɗe littafinta ta ce, "Zauna, Injiniya. Fara daga farko." Na fara. Manaja ya ce shi bai san komai ba har sau uku kafin a tambaye shi. Ta ce masa, "Za mu zo kanka." Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Na faɗi nasa, na faɗi na Kyaftin, amma da aka zo kan wane hannu ne ya rubuta, hannu ɗaya ne.

An karɓe katin shigata. Ɗalibai goma sha tara ne suka koya a kan layin nan, za a kira su duka.

Alhamis, 20 ga wata, 9:00 na safe

Babu jirgin da ya tashi. An soke awannin Auta arba'in, makaranta a rufe, babu wanda ya san sai yaushe. Umma ta gan mu duka a gida, ta tambayi Auta me ya faru, tana riƙe da farar rigar da ta goge mata tun shekaranjiya. Auta ta ce, "Ki tambayi Injiniya." Tun da ta iya magana ba ta taɓa kirana da wani abu ba sai Yaya.

Ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Umma tana tsaye a bakin ƙofata tana jira, kuma zan gaya mata yanzu, da na ajiye biron nan. Ina jin Auta ta bango tana jifa da littattafai, ɗaya bayan ɗaya. Tara da minti huɗu. Tana ƙasa, kuma tana da ƙarfin jifa.